Daga Mpape Zuwa Barikin Ladi: Kwana Guda A Kufan 'Yan Kuza

Duk wanda ya zauna a Abuja cikin 'yan shekarun nan ya ga wata sabuwar al'ada da ta shigo wa samari da 'yan matan birnin. Ran Asabar da sassafe, kafin rana ta yi zafi, sai ka gan su ayari ayari, kowa da jaka a baya da gorar ruwa a hannu, sun nufi duwatsun da ke kewaye da gari. Ba farauta za su ba, ba kuma itace za su yi ba. Hawa kawai za su yi su sauko. Da kakanninmu za su ga wannan, da sun ce ƙoshi ne ya yi wa yaran yawa.

Wurin da ya fi jan hankalinsu shi ne wani tsohon ramin fasa dutse da ke Mpape, sunan da a harshen Gbagyi yake nufin dutse. A shekarar 2020, bayan an sassauta kullen cutar Korona, hotunan wurin suka bazu a wayoyin jama'a, mutane suka yi ta tururuwa kamar ana rabon gado. Ni ma na je. Bango ne na dutse a tsaye ƙiƙam, ƙarƙashinsa ruwa ya taru ya yi kore shar, ga ciyawa ta lulluɓe gefe. Wuri ne mai kyau, babu musu. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne, cikin ɗimbin masu ɗaukar hoto ban ji ko mutum ɗaya ya tambayi yadda aka yi ramin ya samu ba. Alhali kuwa tun da aka kafa dokar ƙirƙiro sabon Babban Birnin Tarayya ran 3 ga Fabrairu 1976, daga irin waɗannan duwatsu aka riƙa faso tsakuwar da aka shimfiɗa tituna aka kuma zuba ginshiƙan ma'aikatu. Wato abin da aka ɗora a tsakiyar Abuja, a nan aka ƙwaƙule shi. Mazauna Mpape su ne suka sha ƙura da ƙarar nakiya shekara da shekaru, su ne kuma suka kwana cikin firgici a watan Satumba na 2018 lokacin da ƙasa ta yi ta motsi a unguwar.

Wannan tunani shi ya tuna mini da wani kufai da ya ninka na Mpape sau dubu, wanda kuma nake da bashin ziyararsa. Kakana na wajen uba yana cikin mutanen da aka ɗiba daga ƙasar Zazzau aka kai haƙar kuza a Jos a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Ban riske shi da wayo ba, Allah Ya jiƙansa. Abin da ya rage a gidanmu na labarinsa bai fi jimla biyu ba, wadda gwaggona ke maimaitawa duk sa'ad da hunturu ya kama: cewa Baba ya ce sanyin Jos ba sanyin duniya ba ne, kuma su tara suka tafi daga garin, bakwai suka komo. Saboda haka da na sami hutu a watan Disamba, sai na yi shawara da wani abokina ɗan ƙabilar Birom da muka yi makarantar koyon aikin jarida tare, muka shirya mu taka filin da ƙafa, mu kuma kwana a cikinsa.

Daga Abuja mota ta bi da mu ta Keffi da Akwanga, har muka iso Hawan Kibo, inda hanya ke murɗewa tana hawa kamar maciji a jikin kuka. Da ka gama wannan hawa sai ka ji iska ta sauya. Jos tana bisa tudun da ya haura mita 1,200 daga gaɓar teku, ƙololuwar duwatsun Shere kuwa da ke gabas da gari ta kai mita 1,829. Daga Riyom zuwa Bukuru ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ciyawa gajera, itatuwa jefi jefi, sai tarin duwatsu da aka ɗora wani kan wani kamar da hannu, da shingen ƙerana kewaye da gonaki. Ido yana tafiya har ya gaji. Sai dai baƙo ba zai daɗe ba zai lura da wasu tuddai ja da fari, masu tsini, waɗanda ciyawa ta ƙi kama su, kusa da kowanne kuma akwai tafki. Waɗannan ba halittar Allah ta farko ba ce. Hannun mutum ne ya tara su.

KAFIN ZUWAN KANAR

Sau da yawa akan ba da labarin kuza kamar Bature ne ya gano ta. Ba haka abin yake ba. Tun kafin zuwan Turawa akwai maƙera a Liruwen Kano, wato Ririwai ta yanzu, da kuma Liruwen Dalma a ƙasar Bauchi, waɗanda ke wanke baƙin yashi daga rafi, su narka shi a matoya, su zuba shi siri siri kamar tsinke, fatake su saya su kai kasuwannin ƙasar Hausa. Waɗannan tsinkayen dalma ne ma'aikatan kamfanin Neja suka gani a kasuwa, suka bi sawunsu. A 1902 kamfanin ya aiko mai bincike, a shekarar da ta biyo kuma Kanar Laws ya iso, daga baya ya kafa sansani a Naraguta. Ba a jima ba gwamnatin mulkin mallaka ta raba ƙasar ga kamfanoni, sana'ar maƙeran Liruwe kuma ta mutu.

Da farko a ka ake ɗaukar buhunan kuza, 'yan dako su yi tafiyar kwanaki har Loko a bakin kogin Binuwai. Sa'an nan aka shimfiɗa siririyar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, wadda ta iso Jos da Bukuru a 1914, aka rufe ta a 1957. Babbar hanyar dogo ta ɓullo daga Kafanchan a 1927. A 1929 aka kafa kamfanin lantarki na NESCO, wanda ya riƙa samar da wuta daga faɗuwar ruwan Kurra domin injinan haƙa. Abin lura a nan, filin kuza ya sami lantarki tun garuruwan sarakuna da yawa na Arewa suna kwana da fitilar aci-bal-bal. A ƙarshen shekarun 1930 manyan kamfanoni suka haɗe suka zama Amalgamated Tin Mines of Nigeria, wanda mutane suka fi sani da ATMN, shi ne kuma uban tafiya har abin ya durƙushe.

Yadda aikin yake ba shi da wuyar fahimta. Kuza tana kwance ne a tsohon magudanar ruwa, ƙarƙashin ƙasa mai kauri. Sai an yaye wannan ƙasa an jibge ta gefe, shi ne tudun. Sa'an nan a kwaso tsakuwar da ke ƙasa a wanke ta da ruwa, yashi ya tafi, kuza da yake ta fi nauyi ta kwanta. Inda kamfani ke da ƙarfi, manyan injinan tono da famfunan feshi ke yi. Inda ba shi da shi, diga ce da shebur da kwanon sarki, leburori a jere kamar tururuwa, helma na tsaye a kansu. In an gama da wuri sai a tashi a bar ramin, damina ta cika shi. Shi ne tafkin.

CIKIN KUFAI

Mun bar mota a wani ƙauye tsakanin Bukuru da Barikin Ladi, wanda ba zan faɗi sunansa ba domin kada in jawo wa mutanensa baƙin da ba su gayyata ba. Kawun abokina, wani dattijo da ya yi aiki da kamfani yana saurayi, shi ya shige mana gaba. Da hantsi muka fara tafiya, ba mu tsaya sosai ba sai la'asar.

Abin da muka fara tararwa shi ne harsashin wani gidan wanke kuza: dandamalin siminti mai hawa uku, da guntayen ƙusoshi masu kaurin damtse a tsaye inda injin ya zauna. Injin kansa babu shi. Dattijon ya ce masu sayen tsohon ƙarfe ne suka zo da wutar walda suka yanka shi gunduwa gunduwa suka loda a tirela, kuma haka aka yi wa kusan duk wani ƙarfe mai nauyi a yankin. Abin da ya tsira sai wanda ya nutse a laka ko ya fi ƙarfin ɗauka. Muka bi wata doguwar kwata da aka haƙa a gefen tudu domin jawo ruwa daga nesa, yanzu ta zama hanyar awaki. Muka wuce turakun lantarki da ba waya a kansu. Can gaba muka iske jerin gidajen Turawan kamfani, rufi ya tafi, tagogi sun tafi, amma bututun hayaƙin murhu na nan tsaye a kowane falo. Na daɗe ina kallon murhun nan. Ashe su ma sun san da sanyin, har sun yi masa tanadi.

Na tambayi inda barikin leburori yake. Dattijon ya nuna mini wani fili da aka shuka dankalin Turawa, ya ce, "Ɗana, ai ɗakin ciyawa ba ya barin kufai."

Amma kuwa sun bar wani abu, wato sunaye. Duba taswirar wannan yanki ka ga: Barikin Ladi, Sabon Gidan Kanar, Gindin Akwati, Mai Idon Toro, Dorowa, Mai Adiko. Sunayen Hausa ne tsantsa a tsakiyar ƙasar Birom, domin leburorin da suka cika sansanonin daga Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato da Barno suka zo, suka haɗu da Tibi da Ibo da Yarabawa da 'yan ƙasa, Hausa ta zama harshen rami. Wasu sun koma gida da kaka, wasu sun zauna sun hayayyafa. Wanda duk yake son ya fahimci gardamar nan ta ɗan ƙasa da baƙo da ta ci rayuka a Jos a 2001 da 2008 da 2010, ba zai fahimce ta sosai ba sai ya tsaya a bakin ɗaya daga cikin ramukan nan. Birom sun rasa gonaki, baƙi sun zuba gumi, riba kuwa ta hau jirgin ruwa ta tafi Ingila, aka bar su suna kallon juna.

Akwai kuma abin da ramukan suka fitar wanda ba kuza ba. A 1928 masu haƙa suka tono wani mutum-mutumin yumɓu kusa da ƙauyen Nok, daga baya Bernard Fagg ya tattara irinsu ya gane cewa aikin wata tsohuwar al'umma ce da ta rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Wannan ne asalin gidan kayan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952. Shi Fagg ɗin ne kuma ya tono tsofaffin matoyan narka ƙarfe a Taruga, wadda ba ta da nisa da Abuja. Masu hawan duwatsun Abuja kaɗan ne suka san da wannan.

DARE

Ba mu kafa tanti ba sai da muka je gaida mai unguwa, muka faɗi ko mu su wane ne da abin da ya kawo mu. Wannan ba ladabi ne kawai ba. Ƙasar nan ta ga jini, daga ciki akwai hare-haren jajibirin Kirsimeti na 2023 a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi. Baƙon da aka gani da wuta a daji da dare ba tare da sanin kowa ba, ya jawo wa kansa abin da ya fi ƙarfinsa, ya kuma tayar wa mutane hankali a banza. Mai unguwa ya saurare mu, ya yi dariya da ya ji wai mutum ya bar gado a Abuja ya zo neman kwanan ƙasa, sa'an nan ya zaɓa mana wuri a gindin wasu itatuwan turare, inda ana jin haushin karnukan gari, ya kuma sanar da 'yan sintiri. Da magariba ta yi na nemi alƙibla, wani yaro daga gidansa ya kawo mini ruwan ɗumi a buta ba tare da na roƙa ba.

Su waɗannan itatuwan turare ma suna da tarihi. Dokar ma'adinai ta 1946 ta tanadi a riƙa gyara ƙasar da aka lalata, aka baje wasu tuddai aka dasa turare a kai. Kaɗan ne aka gyara. Masana sun ƙiyasta ƙasar da haƙar ta ɓata da murabba'in kilomita fiye da 300, tafkunan kuma sun haura 1,000.

Muka dafa shayi a risho, muka ci gwaten acca da aka aiko mana daga gari. Wajen ƙarfe goma iska ta taso. Ina da rigar sanyi biyu, da bargo, da safa, da tanti mai zik, amma duk da haka haƙorana suka riƙa haɗuwa. A nan ne jimlar gwaggona ta daina zama tatsuniya.

Ga abin da ya faru. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila ke samun mafi yawan kuzarta. Sai idon London ya juyo kan Filato. Gwamnati ta kafa dokar aikin tilas, aka ɗora wa kowane lardi adadin mutanen da zai kawo, Razdan ya faɗa wa Sarki, Sarki ya faɗa wa hakimi, hakimi ya faɗa wa dagaci, dagaci kuwa ya san gidan da ba shi da mai tsaya masa. Daga 1942 zuwa 1944 an ɗibi mutum kusan 100,000, kowane rukuni na 'yan watanni. Manoma ne daga ƙasa mai zafi, da yawansu riga ɗaya gare su. Aka zuba su a bukkoki, abinci bai isa ba, suna wuni cikin ruwa da laka. Ciwon haƙarƙari da atini suka yi ta ɗauka, wurin aikin madatsar ruwa ta Tenti ya yi ƙaurin suna wajen mace-mace, dubbai kuma suka gudu. A 1943 aka fitar da kuza fiye da tan 17,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, ba a kuma sake kaiwa ba. Masanin tarihi Bill Freund ya rubuta littafi a kan ma'aikatan kuza a 1981, amma da Turanci ne, jikokin mutanen da yake magana a kansu kuwa ba su san da shi ba. A duk tafiyar da muka yi ban ga allo ko dutse ɗaya da aka rubuta cewa an yi wannan abu a nan ba.

Bayan yaƙi an sake samun kasuwa a shekarun 1950, lokacin da Amurka ta riƙa sayen kwalambait domin ƙarfen injin jirgin sama. An kafa masana'antar narka kuza ta Makeri a farkon shekarun 1960, aka kafa Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Nijeriya a 1972 da hedkwata a Jos. Amma kuzar sama sama ta ƙare, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, sa'an nan a watan Oktoba na 1985 farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya. Daga nan sai kufai.

RUWAN DA BA SHI DA GAƁA

Da asuba hazo ya kwanta a kan tafkin da ke kusa da mu, ruwan ya yi tsit kamar madubi. Na ɗauki wayata zan matsa, dattijon ya riƙe mini hannu. Ya ce tafkin kuza ba kamar kududdufin gari ba ne da ake shiga a hankali. Bakinsa a tsaye yake, taku biyu ka wuce tsawonka, ƙasansa kuma laka ce mai riƙe ƙafa. Ya lissafa mini yara da shanun da ya sani ruwan ya ci. Akwai kuma haɗarin da ido ba ya gani. Dusar da ta rage bayan an tace kuza tana ɗauke da wasu ma'adinai masu fitar da tururin nukiliya, masana a Jos sun daɗe suna gargaɗi a kan yin gini da ita ko tara ta a cikin gida.

Duk da haka ba za a ce tafkunan sharri ne zalla ba. Da rani, injinan ban-ruwa na ta ƙugi a bakinsu, kabeji da karas da tumatir da latas ɗin da ake saukewa a kasuwannin Abuja da yawansu da wannan ruwa aka shayar da su. Wani tafkin a Rayfield an mai da shi wurin shaƙatawa.

A Ingila akwai wani fili mai kama da wannan da ake kira Dartmoor, shi ma cike da kufan haƙar kuza. Can har kotu aka je a kan ko mai yawo yana da ikon kafa tanti ya kwana ba da izinin mai ƙasa ba, a watan Mayu na 2025 Kotun Ƙoli ta ce yana da shi. Tsofaffin ma'adinan Cornwall da yammacin Devon kuwa, tun 2006 hukumar UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya. Ma'aikatansu suna da gidajen tarihi da sunaye a rubuce. Mu ma ba baƙi ba ne a harkar kwanan daji: makarantar horar da matasa ta Man O' War, wadda aka fara a 1951, tana da reshe a duwatsun Shere inda ake koyar da hawan dutse da zaman sansani.

Na ji masu cewa a mai da filin kuza wurin yawon buɗe ido, ina kuma goyon bayansu, amma da sharaɗi. In za a yi shi irin na Mpape ne, a zo a yi hoto a zubar da robobi a tafi, gara a bar shi. Abin da ya kamata a fara yi ba ya bukatar biliyoyi: a sa alama a bakin tafkunan da ke kisa, a hana yanka ɗan ƙarfen da ya rage, a ɗauki muryar dattawan da suka yi aikin tun suna da rai, a horar da samarin ƙauyukan su zama 'yan rakiya a biya su, a kuma rubuta labarin aikin tilas da Hausa da Birom a kafa a Tenti.

A hanyarmu ta komowa muka ratsa ta wurin 'yan loto, wato masu haƙar kuza da hannu. Farashi ya sake tashi saboda dalmar da ake liƙa kayan waya da kwamfuta, sai samari suka koma rami. Rijiya ce ƙunƙunta, a zura mutum da igiya da tocila a goshi, ya yi ta rarake ƙasa ta gefe ba tare da tokari ba, mata na wanke abin da aka fitar a kwano. Rami yakan rufta. A watan Fabrairu na 2025 Gwamna Caleb Mutfwang ya ba da umarnin dakatar da haƙar ma'adinai a jihar saboda matsalar tsaro, amma yunwa ba ta karanta takardar gwamnati. Wata mata ta zuba mini ɗan baƙin yashin a tafin hannu, na yi mamakin nauyinsa. Na biya ta, na ƙulle shi a takarda.

Da na je gida na kai wa gwaggo. Ta kwance takardar, ta jujjuya shi da yatsa, ta daɗe ba ta ce komai ba. Sa'an nan ta tambaye ni ko sanyin yana nan yadda Baba ya faɗa. Na ce mata yana nan.